Maki 42 a daren da manya suka huta: yadda nake auna 'yan bencin NBA

1/ Duk watan Afrilu sai an yi wannan rigimar. Wani yaro da ko sunansa ba ka taɓa ji ba zai zuba maki 40 a NBA, kafin gari ya waye an cika mana waya da guntayen bidiyonsa. Wasu su ce koci azzalumi ne, ya danne yaro a benci. Wasu su ce wasan banza ne, kar ma a kawo maganar. Ni dai duka ɓangarorin biyu ban yarda da su ba. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ga waɗanda ba sa bin ƙwallon kwando sosai: kowace ƙungiya a NBA tana buga wasa 82 a kaka. Idan aka zo makon ƙarshe, wasu sun riga sun san matsayinsu a wasannin fidda gwani, wasu kuma sun san sun fita. Sai koci ya ce wa manyan 'yan wasansa su zauna su huta, ya zuba 'yan benci da yaran da aka ɗauko daga ƙaramar gasa ta G League.

3/ Kuma kocin yana da hujja fa. Ranar 10 ga Afrilu 2022, wasan ƙarshe na kaka, Dallas ta saka Luka Doncic a karawarta da San Antonio. Ya ji ciwo a sha-raɓa, ya rasa wasa uku na farko a fidda gwani. Duk kocin da ya ga wannan ba sai an yi masa wa'azi ba. (Ku riƙe wannan labarin, zan dawo kansa, don shi ne ya haifar da misali mafi kyau a zaren nan.)

4/ Abin da ya sa mu nan muka fi kowa faɗawa tarkon: yawancin wasannin NBA daga 12 na dare zuwa 4 na asuba suke farawa a agogon Najeriya da Nijar. Mai lakca ƙarfe 8 ba zai iya ba kullum. Amma ranar Lahadin ƙarshe ta kaka, daga 2023 zuwa 2025 wasanni sun riƙa farawa 6 na yamma da 8:30 na dare a wajenmu. Wato ranar da muka fi samun damar kallo ido da ido ita ce ranar da wasan ya fi kowace rana ruɗi. 😅

5/ In kana son sanin yadda ƙungiyoyin da kansu suka ɗauki ranar: a 2022 Jrue Holiday na Milwaukee ya shiga fili, ya yi daƙiƙa 8, ya yi laifi da gangan, ya koma benci. Yana buƙatar wasan ne kawai ya shiga lissafi don ya karɓi wani kuɗi da ke cikin kwantiraginsa. A 2023 Mikal Bridges ya yi daƙiƙa 4 don kar tarihinsa na rashin fashin wasa ya yanke. Irin ranar da muke yanke wa yara hukunci da ita ke nan.

6/ To mu fara da lissafi, don nan ne mutane ke zamewa. Wasa minti 48 ne, mutum biyar a fili, minti 240 ke nan da dole a raba. Kowace ƙungiya takan yi jifa kusan 88 a wasa, ta ci maki sama da 110. Idan taurari suka zauna, jifan nan 88 ba sa bin su benci. Suna nan a fili suna jiran mai ɗauka.

7/ Ba wa kowane ɗan NBA jifa 25. Ko da kashi 45 cikin ɗari kawai ya ci, ya zura 11. Maki 22 ke nan tun kafin a lissafa na maki uku da jifan kyauta. Ka ga ya doshi 30 ba tare da ya yi wani abin mamaki ba. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya.

8/ Kar mu manta kuma, mutumin da ke can ƙarshen benci a NBA shi ne sarkin makarantarsu, shi ne dodon jami'arsu. Kujeru 15 ne na cikakken kwantiragi a kowace ƙungiya, ƙungiyoyi 30, mutum 450 a duk duniya. Babu rago a cikinsu. Iya zura ƙwallo shi ne abin da kusan dukkansu suke da shi. Shi ya sa yawan maki a irin wannan dare bai cika gaya maka sabon abu ba.

9/ Ƙara da sa'a. Ɗan wasan da ke cin kashi 35 cikin ɗari na jifan maki uku, idan ya jefa 10, yiwuwar ya ci 6 ko fiye kusan ɗaya ce cikin goma. Duk wanda ya yi kwas ɗin lissafin yiwuwa a aji ɗaya zai iya gwadawa a takarda. Ƙungiyoyi 30 ne ke wasa a rana ɗaya, kowacce da yara biyu ko uku da aka sakar wa mara. Dole ne wasu su kama wuta. Da ba su kama ba ne ma za a yi mamaki.

10/ Misali na farko, kuma shi ne ya ba zaren nan suna. 9 ga Afrilu 2023, Memphis da Oklahoma City. Kenneth Lofton Jr. ya fara wasa a karon farko a rayuwarsa ta NBA, ya ci maki 42, ya cafe ribaun 14, wato ƙwallayen da suka daki kwando suka dawo. Memphis ta riga ta kama matsayi na biyu a Yamma, ta ajiye Ja Morant da sauran manyanta.

11/ Abin da guntun bidiyo ba ya nunawa: ita ma Oklahoma ta ajiye Shai Gilgeous-Alexander. Yara ne suka kara da yara. Memphis ta sha kashi 115 da 100. A watan Disamba na wannan shekarar dai Memphis ta sallami Lofton. Ya ɗan leƙa Philadelphia, ya leƙa Utah, a 2024 ya tafi China.

12/ Shin Lofton bai iya ba ne? Haba. Shi ne aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa na G League a 2023. Matsalarsa irin wasan da ya iya ne. Mutum ne mai jiki, a ba shi ƙwallo kusa da kwando, ya sa kafaɗa ya ture ka, ya zura. Kafin ya ci 42 sai an gina duk harin ƙungiya a kansa. To wa zai karɓe ƙwallo daga hannun Morant da Desmond Bane ya miƙa masa sau 25?

13/ Idan manya suka dawo, aikin da ya rage wa irinsa shi ne: tsare mutum, gudu ya koma gida da wuri, tsayawa a kusurwa ya jefa idan an ba shi. A nan ne yake da rauni, musamman saurin ƙafa wajen tsaro. Maki 42 ɗin amsa ce ga tambayar da Memphis ba ta yi ba.

14/ A rana guda da Lofton, Theo Pinson na Dallas ya yi goma-goma a fanni uku: maki 23, ribaun 13, asis 12 (asis shi ne fas ɗin da aka ci da shi). Mutumin da aka fi saninsa da tsalle da ihu a gefen benci. Dallas ta riga ta jefar da kakar, har NBA ta ci ta tarar dala 750,000 saboda ajiye 'yan wasa kwana biyu kafin nan a wasanta da Chicago. Kakar da ta biyo baya babu Pinson a NBA.

15/ Sai wanda ya fi ba ni dariya da tausayi lokaci guda. Malachi Flynn, 3 ga Afrilu 2024, Detroit da Atlanta. Ya taso daga benci ya ci maki 50. Hamsin fa. Mutumin da matsakaicinsa a duk rayuwarsa ta NBA bai kai maki 6 ba. Detroit ta wannan kakar wasa 14 kawai ta ci cikin 82, kuma a daren ma an cinye ta.

16/ Wasan da ya biyo baya, da Memphis: jifa 12, bai zura ko ɗaya ba. Maki 3. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, kwana biyu tsakani. Duk mai son ya auna Flynn da 50 ɗin, to ya auna shi da 3 ɗin ma.

17/ 'Yan Arsenal, kun san abin nan sarai. Satumba 2008, Wenger ya zuba yara a kofin Carling, suka lallasa Sheffield United 6 da nema, Carlos Vela ya ci uku. Aka ce an samu magajin Henry. Vela ɗan wasa ne mai kyau, ya nuna haka a Real Sociedad daga baya, amma bai taɓa kama gurbi a Arsenal ba. Kofin yara daban, Asabar a firimiya daban.

18/ Toh, masu cewa "ai dama mun faɗa, wasan banza ne", ku dakata, yanzu zan zo kanku. Don akwai wasu sunaye da ku ma ba za ku iya bayaninsu ba.

19/ 10 ga Afrilu 2022, Lakers da Denver. Babu LeBron, babu Anthony Davis, babu Westbrook, can ma babu Jokic. Wani yaro da ko zaɓarsa ba a yi ba a diraf ɗin 2021, Austin Reaves, ya ci 31, ribaun 16, asis 10. Bayan shekara ɗaya yana cikin biyar ɗin farko na Lakers har wasan ƙarshe na Yamma. A kakar 2024-25 matsakaicinsa ya haura maki 20.

20/ Me ya raba Reaves da Lofton, tunda duka yara suka samu a gabansu? Ku koma ku kalli yadda makin ya zo. Reaves yana karanta fili, yana jawo a yi masa laifi ya tafi layin jifan kyauta, yana sakin fas a kan lokaci. Duk waɗannan abubuwa ne da zai ci gaba da yi ko LeBron na fili. Ba ya buƙatar jifa 25 kafin ya yi amfani. Ka rage masa ƙwallo, har yanzu yana da abin sayarwa.

21/ Wannan ita ce tambayar da nake fara yi duk lokacin da na ga irin wannan dare: a cikin abin da yaron nan ya yi, wanne ne zai rage idan aka mayar da shi minti 15 da jifa 6? Idan amsar ita ce babu, to ka ji daɗin bidiyon ka wuce.

22/ Payton Pritchard na Boston shi ne sarkin wannan fanni. A kakar 2022-23 yana zaune a benci, minti 13 a wasa, har ya fito ya nuna yana son a sayar da shi inda zai samu wasa. Ranar ƙarshe ta kakar, da Atlanta: maki 30, ribaun 14, asis 11. Mutane suka ce wasan Afrilu ne.

23/ Afrilu 2024 ya sake: 31 a kan Charlotte, bayan kwana biyu 38 a kan Washington. Aka sake cewa wasan Afrilu ne. Bayan wata biyu, a wasa na biyar na ƙarshen gasa da Dallas, ya jefa ƙwallo daga tsakiyar fili daidai ƙarar hutun rabin lokaci, ta shiga. Boston ta ɗauki kofi a daren. Kakar 2024-25 aka ba shi kyautar gwarzon ɗan benci na NBA.

24/ Darasin Pritchard a wajena maimaici ne. Sau ɗaya sa'a na iya yi maka. Amma duk lokacin da aka buɗe masa ƙofa, shekara biyu a jere, abu ɗaya yake yi, kuma ta hanya ɗaya: jifa daga nesa, riƙe ƙwallo ba tare da ɓarar da ita ba, naci wajen tsaro duk da gajartarsa. Abin da yake yi a minti 13 shi yake yi a minti 40, yawansa ne kawai ke ƙaruwa.

25/ Akwai kuma masu gaskiya amma sai an yi haƙuri. 10 ga Afrilu 2019, Portland ta ajiye Lillard da McCollum, ta buga da mutum shida kacal. Anfernee Simons, ɗan shekara 19, ya buga minti 48 cif, ya ci 37. Suna baya da maki 28, suka dawo suka cinye Sacramento 136 da 131. Gaskiya dai ita ma Sacramento ta zaunar da manyanta bayan hutun rabin lokaci.

26/ Kaka biyu da suka biyo baya Simons bai kai maki 9 a wasa ba. Da a lokacin ka tambayi masu "wasan banza ne" sai su ce ka gani ko. A kakar 2021-22 Lillard ya yi jinya, Simons ya haura 17, aka ba shi kwantiragin dala miliyan 100 na shekara huɗu, daga baya ya haura 20. Shekaru na da muhimmanci a wannan awon. 37 daga ɗan shekara 19 da 37 daga ɗan shekara 27 ba abu ɗaya suke nufi ba.

27/ Namu ma yana ciki. Jordan Nwora na D'Tigers, 16 ga Mayu 2021, Milwaukee ta ajiye Giannis da Middleton da Holiday a wasan ƙarshe da Chicago. Nwora ya ci 34, ribaun 14. Da aka shiga fidda gwani kusan bai taka fili ba, duk da ya samu zoben zakara a wannan shekarar.

28/ Bayan 'yan kwanaki da ɗaukar kofin, a gasar Olamfik ta Tokyo, ya zuba wa Jamus 33. Wato hannun gaskiya ne, ba sa'ar dare ɗaya ba ce. Amma a Najeriya shi ake nema da ƙwallo, a Milwaukee kuwa ana son wanda zai tsare mutum ya jira fas ɗin Giannis. Ya koma Indiana, ya koma Toronto, a 2024 ya tafi Anadolu Efes ta Turkiyya. Ina son Nwora, amma labarinsa ya fi kusa da na Lofton fiye da na Reaves.

29/ Abu na gaba da nake dubawa: wa ke gabansa, kuma shin sun shirya masa? Wannan ya fi yadda ake zato nauyi. Kafin kowane wasa masu horarwa suna raba wa 'yan wasa bayanin abokan karawa: wane hagu yake so, wane in ka matsa masa sai ya ɓarar. Yaron da aka ɗauko daga G League shekaranjiya babu wanda ya ɓata lokaci a kansa.

30/ Jeremy Lin, Fabrairu 2012. Carmelo Anthony na jinya, Amar'e Stoudemire ya tafi zaman makokin ɗan'uwansa. Lin ya riƙe New York, ranar 10 ga wata ya ci Lakers ɗin Kobe maki 38. Duniya ta ɗauka. Ranar 23 ga wata suka je Miami, inda LeBron da Wade suka zauna suka yi nazarinsa. Jifa 11, ya zura 1, ya ɓarar da ƙwallo sau 8.

31/ Lin ya ci gaba ya yi shekara tara a NBA, ɗan wasa mai amfani, har ya samu zobe da Toronto a 2019. Matsayinsa na gaskiya ke nan: sama da abin da waɗanda suka sallame shi a baya suka zata, ƙasa da abin da makon Lakers ya nuna. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a NBA miya tana ƙarewa ne ranar da aka rubuta sunanka a allon ɗakin shiri na abokan karawa.

32/ Yanzu mu koma kan ciwon Luka na 2022. Dallas ta shiga fidda gwani da Utah babu shi. Utah da cikakken ƙarfinta, da Donovan Mitchell, da Rudy Gobert wanda sau uku yana cin kyautar gwarzon mai tsaro a lokacin. Sun san Jalen Brunson ne zai riƙe ƙwallo, sun yi kwanaki suna shiri a kansa.

33/ Wasa na biyu Brunson ya ci 41, bai ɓarar da ƙwallo ko sau ɗaya ba. Wasa na uku, a gidan Utah, ya ci 31. Dallas ta ci duka biyun. Wannan shi ne gwajin da ya cika sharuɗɗa: tauraro ba ya nan, abokan karawa da gaske suke, sun shirya maka, kuma ka maimaita. New York ta ba shi dala miliyan 104 a bazarar, wasu suka ce an yi asara. Yau ka je ka faɗi haka a Madison Square Garden ka gani.

34/ Don haka idan aka ce min "wane ya ci 40 babu taurari", kalmar "babu taurari" ba ta ishe ni ba. Na wane ɓangare ne babu? Idan naku ne kawai suka zauna, na can suna fili suna neman matsayi, makin na da daraja. Idan duka biyu sun zauna, kusan wasan G League ne aka saka wa rigar NBA.

35/ Haka abin yake ga ƙungiya gaba ɗaya. Nuwamba 2012, Gregg Popovich ya sa Duncan, Parker, Ginobili da Danny Green a jirgi ya tura su gida, ranar da San Antonio za ta kara da Miami a talabijin na ƙasa. 'Yan bencinsa suka riƙe wa zakarun wuya har mintin ƙarshe, aka tashi 105 da 100. David Stern ya ci su tarar dala 250,000.

36/ Waɗancan 'yan bencin ba taurari ne a ɓoye ba. Tsari ne ya riƙe su: kowa ya san inda zai tsaya, ƙwallo na yawo. A ƙungiya mai tsari ɗan benci yakan fi ƙarfinsa kyau a ido. Shi ya sa nake taka-tsantsan da maganar "ai sun fi iya wasa in babu shi."

37/ An yi wa Morant wannan maganar. A kakar 2021-22 Memphis ta ci 20 ta faɗi 5 a wasannin da bai buga ba, Tyus Jones na riƙe da ragama. Jones ƙwararre ne wajen rashin ɓarar da ƙwallo. A 2023 ya koma Washington aka ba shi ragamar gaba ɗaya: maki 12, asis 7 a wasa, ƙungiyar ta ci wasa 15 a kaka. Bai lalace ba. Bane da Jaren Jackson Jr. ne babu a gefensa.

38/ Ta ɗaya gefen kuma, Toronto ta 2018-19, wadda Masai Ujiri, ɗan Zariya, ya haɗa. Sun riƙa hutar da Kawhi Leonard, wasa 60 kawai ya buga. A 22 da babu shi suka ci 17. A waɗannan darare ne Pascal Siakam na Kamaru ya riƙa gwada zama babba. Kawhi ya tafi bayan kofi, kakar da ta biyo baya Siakam ya kusa maki 23 a wasa, Toronto ta ci 53 ta faɗi 19. Wasa 22 a warwatse cikin kaka, da ƙungiyoyin da ke neman nasara, hujja ce da za a iya dogara da ita.

39/ Wani zai ce to NBA ta hana hutun mana kowa ya huta. Sun gwada. Daga kakar 2023-24 sai ka buga wasa 65 kafin a saka ka a takarar manyan kyaututtuka irin su MVP, kuma akwai tarar da ke farawa daga dala 100,000 ga ƙungiyar da ta ajiye taurari ba dalili. Ya rage abin a tsakiyar kaka. Makon ƙarshe kam har gobe ana samun "ciwon gwiwa" da ke warkewa ranar da fidda gwani ta fara. 😂

40/ Ni ma ba na son a hana gaba ɗaya, kuma dalilina yaran ne. Mu muna kallo muna dariya, su kuwa abincinsu ne a kan layi. Akwai mai kwantiragin kwana 10. Akwai mai kwantiragin da ke yawo da shi tsakanin NBA da G League. Minti 40 ɗin nan na iya zama kaɗai cikakken bidiyon da wakilinsa zai aika wa ƙungiyoyin Turai ko China. Kiran wasan "na banza" daga kan katifar hostel abu ne mai sauƙi.

41/ Wannan ma wani dalili ne na karanta alƙaluman da hankali. Mutum biyar a fili, kowa na neman aiki, kowa na son a ga sunansa a saman takarda. Fas yana raguwa, tsaro yana sakwarkwacewa, don babu wanda ake yanka wa bidiyo saboda ya toshe hanya. Yaron da ya ci 12 a irin wannan dare, amma ya tsaya inda ya kamata, ya yi magana a tsaro, ya saki ƙwallo ga wanda ya fi shi wuri, sau da yawa shi masu horarwa ke rubuta sunansa.

42/ Shi ya sa in na samu data nakan nemi cikakken wasan maimakon guntun minti uku. Guntu zura ƙwallo kawai yake nuna maka. Ba ya nuna sau nawa aka wuce shi kamar ƙofa a buɗe, ko sau nawa ya tsaya yana kallon ƙwallo mutuminsa ya zagaya ta bayansa. Kuma alƙaluman da ke nuna da maki nawa ƙungiya ta fi ko ta gaza lokacin da yake fili, a wasa ɗaya ba na ba su muhimmanci, sun dogara da su wa aka haɗa shi da su.

43/ Na ƙarshe, wanda nake so mu yi musu a kansa: GG Jackson na Memphis, 14 ga Afrilu 2024. Ɗan shekara 19, ya ci 44 a kan Denver. Denver na neman matsayi a ranar, Jokic ya buga. Wato ya ci sharaɗin shekaru, ya ci na abokan karawa. Inda nake da ja shi ne sharaɗin Reaves: Memphis ta wannan kakar jinya ta cinye ta, ta yi amfani da 'yan wasa 33, GG yana jifa yadda ya ga dama. Ya karye a ƙafa kafin kaka ta gaba, ya dawo ya tarar da Morant da Bane da Jackson a fili, makinsa ya yi ƙasa sosai.

44/ Ni a layin Simons na ajiye shi, ba a layin Lofton ba, saboda tsayinsa da shekarunsa da kuma wanda ya yi wa 44 ɗin. Mai ganin na yi masa sassauci ya zo da hujja, amma don Allah kar ya turo min guntun bidiyo. 🏀